Noti Mai Makulli

Auta ake ce masa har yau, ko da yake furfura ta cinye masa rabin gemu, 'yarsa ta fari ma tana gab da gama jami'a. Sunan ya bi shi daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kantin sayar da magani inda yake aiki, kuma sunan da nauyinsa yake tafe: duk abin da ya taso a dangi, Auta ne mai ƙafa. Yayyensa sun watse, kowa da garin da abinci ya kai shi. Shi kaɗai ya rage kusa, tafiyar rabin yini ce tsakaninsa da gidan mahaifinsu. Saboda haka da aka yanke shawarar Baba ba zai ƙara zama shi kaɗai ba, ba a ma tsaya tambayar gidan wa zai koma ba.

Tun bayan rasuwar mahaifiyarsu Baba ya fara sakin abubuwa. Da farko tabarau ne da makullin ƙofa, ana yi ana dariya. Sai ya fara ɗora ruwan shayi ya manta, har gindin tukunya ya ƙone. Wata rana kuma maƙwabci ya tsince shi a ƙofar gidan ruwa, tsohon wurin aikinsa, sanye da kaya masu guga, yana faɗa da maigadi wai an hana shi shiga ofishinsa, ofishin da ya bari tun Auta bai yi aure ba. Yaya, babbar 'yar Baba, ita ta bi kowa ta waya tana kuka, ta ce a ɗauke shi. Ita ce kuma ta ce kada a gaya masa gaskiya, don ba zai yarda ba. A ce masa asibiti za a kai shi a duba masa ido.

Auta ba shi da mota. A motar haya ya zo, da niyyar su koma a ta Baba, wadda ta daɗe a kwance ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a inuwarta. Makaniken unguwa ya wuni a kanta, ya sauya batir da mai, ya hura tayoyi, ya ce za ta kai su in dai ba a matsa mata ba. Da safe Auta ya kai Baba gidan maƙwabci ya sha shayi, shi kuma ya yi ta ɗura kaya a but: akwatin ƙarfe na mahaifiyarsu, jakar tufafi, fanka, rediyo, agogon bango naɗe a cikin bargo, bokiti cike da kwalaben magani, da kujerar nan mai ninkewa da Baba ba ya zama a kan wata sai ita. Da ya rufe but ɗin sai da ya hau kansa da gwiwa. Ya kulle gidan, ya ba maƙwabci makulli a ɓoye, ya ɗauko tsohon.

Baba ya zauna a gaba, ya ɗora hannuwa a cinya, yana kallon hanya. Bai ce komai a kan gidan ba. Abin da ya dame shi tuƙin ne. Ya ce Auta yana cin kulochi, ya ce yana sauya giya kamar mai fushi da ita, ya ce wa ma ya ba shi izinin taɓa motar. Auta ya yi ta cewa to, Baba. Bayansa na ciwo tun daga ɗaukar akwatin, idanunsa kuma yaji suke yi, don daren jiya rabi da rabi ya yi barci, kunnensa na ƙofar ɗakin tsohon.

Sun ci fiye da rabin hanya, rana ta take tsaka, sai tayar baya ta hagu ta saki. Ba fashewa ta yi da ƙara ba, wani dogon huci ta yi, motar ta fara ɗingishi. Auta ya lallaɓa ya gangara gefen titi. Allah ya taimake su ba a daji ba ne. Wani ɗan ƙauye ne da ya tsiro a bakin hanya: rumfar mai faci a ɓangarensu, wata mata mai sayar da ruwan sanyi da burodi a gefenta, can tsallaken titi kuma shagon walda da ƙofofin ƙarfe jingine a bango.

Tayar ajiya tana can ƙarƙashin but, ƙarƙashin duk abin da ya ɗura da safe. Auta ya tsaya ya kalli murfin but ɗin na ɗan lokaci kafin ya buɗe. Ya fara sauke kaya ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa. Da ya kai kan kujerar ya ware ta a inuwar rumfar, ya fito da Baba ya zaunar, ya saya masa ruwa.

Mai facin gajere ne kakkaura, da tsumma a wuya, kuma tun kafin a kira shi ya riga ya sa jak. Ya dubi tayar ya ce wannan ba ta faci ba ce, ta mutu tun tana tsaye, rana ce ta cinye ta, ga gefenta duk ya tsattsage. Ya ɗora sifana ya taka da ƙafa, noti ya yi ƙara ya saki. Haka na biyu, da na uku, da na huɗu. Da ya zo kan na biyar sifanar ta zame, ta juya a banza. Ya sunkuya, ya goge kan notin da yatsa, ya yi tsaki.

"Maigida, wannan mai makulli ne. Kawo makullin."

Sai a lokacin Auta ya tuna. Shekarun baya ɓarayi sun taɓa kwance wa Baba tayoyi biyu a ƙofar gida, aka wayi gari mota na zaune a kan bulo kamar an yi mata kujera. Baba ya yi kwana da kwanaki yana zagin unguwar gaba ɗaya, sannan ya je ya sa wa kowace taya noti na musamman, mai santsi a waje, da wani zane a fuska wanda sai ɗan ƙarfen da aka ƙera masa ne zai kama shi. Har gidan Auta ya zo ya nuna masa, yana alfahari, yana cewa yanzu ɓarawo sai dai ya ɗauki motar a ka.

Auta ya duba aljihun gaban mota. Takardu ne da tsohuwar tocila da ƙwayoyin alewa da suka narke suka manne. Ya duba aljihun ƙofofi, ya ɗaga shimfiɗun ƙafa, ya zura hannu ƙarƙashin kujeru har ya yanke a wani ƙarfe. Ya zazzage jakar jak. Daga nan ya je ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ya sassauta murya, ya tambaye shi inda ya ajiye makullin taya.

Baba ya yi murmushi irin na wanda aka zo wurinsa neman abin da shi kaɗai ya sani. Ya ce yana wuri mai kyau, inda ɓarawo ba zai taɓa tunani ba. Auta ya ce madalla, wane wuri ne? Murmushin ya tsaya a fuskar tsohon, amma idanunsa suka fara yawo. Ya taɓa aljihun ƙirji, ya taɓa na gefe. Can ya ce, "Tambayi uwarku. Ita take ajiye irin waɗannan."

Auta ya ce to. Ya tashi, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Don kada a ce bai yi ba, ya buɗe akwatin ƙarfen a nan bakin titi, ya ɗaga zannuwan mahaifiyarsa ɗaya ɗaya, ƙamshin turarenta na tasowa yana haɗuwa da warin roba da hayaƙin manyan motoci. Zare ya samu, da maɓallai a cikin gwangwani, da tsohon almakashi. Ya mayar ya rufe.

Mai faci ya ce kada ya damu, ya sha cire irinsa. Ya ɗauko wani soket, ƙoƙon ƙarfen da ake kifawa a kan noti, wanda ya ɗan fi notin ƙanƙanta, ya ɗora, ya yi ta dukansa da guduma har ya shige da ƙarfi. Ya sa dogon bututu a hannun sifana, ya rataya a kai da duk nauyinsa. Wani abu ya yi ƙas, suka ɗauka notin ne. Soket ɗin ne ya tsage. Mai faci ya ɗaga shi yana kallo kamar an kashe masa akuya, ya ce tun yana yaron shago yake tare da shi. Sai ya koma kan cizal, ƙarfen sara mai kaifin baki. Ya kafa bakinsa a gefen notin yana duka a karkace, wai ya tilasta masa juyawa. Ƙarfe na ɓarɓashi, gumi na ɗiga daga hancinsa, notin bai ko motsa ba. Da ya gaji ya ja da baya, zanen fuskar notin ya shafe gaba ɗaya, ya zama wani dunƙulallen abu mai ƙyalli. Ko da makullin ya faɗo daga sama yanzu, babu inda zai kama.

Ana cikin haka Yaya ta kira. Tana so ta ji ko sun isa. Da ta ji suna bakin hanya sai ta fara: me ya sa bai duba tayoyin ba tun a gida, me ya sa bai ɗauki shata ba, Baba ya ci abinci kuwa, ya sha maganin rana, kada ya bar shi cikin zafi. Auta ya riƙe wayar nesa da kunne yana kallon wata babbar mota da ta wuce ta watsa wa bargon agogo ƙasa. Ya so ya ce mata ta zo ta riƙe cizal ɗin. Abin da ya ce shi ne to, Yaya, in sun tashi zai kira.

Da ya juyo ya tarar Baba ba titi yake kallo ba, kayan yake kallo. Ya bi su da ido a hankali, daga fanka zuwa bokiti zuwa akwati. Iska ta ɗaga gefen bargon, fuskar agogon ta bayyana. Auta ya san wannan kallon. Wani lokaci hankalin tsohon yakan dawo garau, kamar an kunna fitila a ɗaki, kuma ba ya sallama kafin ya zo.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Asibitin ido da agogon bango ake zuwa?"

Mai ruwan sanyi ta sunkuyar da kai ta shiga gyara burodin da ba ya bukatar gyara. Auta ya nemi ƙaryar da zai ɗora a kan ta farko, ya rasa ƙarfin ƙirƙirarta. Ya tsuguna ya ce gidansa za su je, za su zauna tare, yara suna ɗokin ganinsa, an gyara masa ɗaki. Baba ya tambaya wa ya kulle gidan. Ya ce shi. Ya tambaya ko an rufe famfon bayan gida, don yana ɗiga. Ya ce an rufe. Tsohon ya gyaɗa kai. Auta ya jira faɗa, ya jira kuka, har ya shirya kafaɗunsa. Ba ko ɗaya da ya zo. Baba ya kurɓi ruwa ya ce ruwan nan ba a tace shi da kyau ba.

Mai faci ya ce saura dabara ɗaya, walda. A liƙa wani noti a kan wannan, a samu abin kamawa. Auta ya tsallaka titi. Mai waldan dogo ne siriri, ya manyanta, idanunsa jajaye, yana cin abinci a murfin kwano. Ya saurara bai daina tauna ba. Ya ce zai yi, amma wayar injinsa ba ta tsallaka titi, kuma injin ba ya ɗaukuwa. Sai dai a kawo motar.

Tayar ta riga ta mutu, babu abin da za a lalata. Mai faci ya mayar da noti biyu ya sauke jak. Auta ya shiga ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta ƙi. Ya kifa goshi a kan sitiyari. Mai faci ya leƙo ta taga ya ce kada ya kashe batir, su tura kawai, ai ba nisa. Amma turin mota mai taya a kwance ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma dole wani ya riƙe sitiyari. Mai ruwan sanyi ta ce ita ko keke ba ta taɓa riƙewa ba, amma za ta duba musu kaya.

Ba su ga tasowar Baba ba. Sai ganinsa suka yi tsaye a bakin ƙofar direba, yana yi wa Auta alama da hannu ya fito. Auta ya yi jinkiri. Sannan ya duba titin, ya ga babu mota kusa, ya duba nisan, ya fito.

Tsohon ya zauna, ya ja kujera gaba, ya gyara madubi, ya taka kulochi ya mayar da giya furi, ya saki birkin hannu, duk a jere ba tare da ya duba ba. Suka sa kafaɗa. Motar ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi, tayar tana murɗewa tana kuka a kan kwalta. Ta taga Auta yana jin muryar mahaifinsa, irin ta da, mai kaifi: su tura mana, ba su ci abinci ba ne? Ya karya kan motar daidai, ya kauce wa ramin bakin titi, ya shigar da ita tsakanin ƙofofin ƙarfe biyu da ke jingine, ya taka birki a inda mai walda ya ɗaga hannu. Mai faci yana haki ya ce tsohon nan ya fi ɗansa iya mota. Auta ya yi dariya, ita ce ta farko a ranar, ta fito masa tare da tari.

Mai walda ya ce Baba ya fito kafin a ɗaga mota. Baba ya ce yana nan. Mai walda ya ɗaga kafaɗa, ya ce tsoho ba nauyi gare shi ba, a ja birkin hannu kawai. Ya cire kan batir, ya jiƙa tsumma ya rufe wilin, ya zaɓo wani babban noti daga gwangwani ya ɗora a kan dunƙulen. Ya ce kowa ya kau da ido. Wuta ta yi tartsatsi, warin ƙonannen ƙarfe ya tashi. Ya jira ya ɗan huce, ya sa sifana da bututu, ya ja a hankali. Waldar ta ɓalle. Ya kankare, ya zaɓo wani notin, ya sake, wannan karon ya daɗe yana cika cikinsa da wuta har ya yi ja. Da ya ja, wani dogon ƙara ya fito kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, bututun ya tafi. Sai kuma ya tafi da sauƙin da ya yi yawa. Notin ya faɗo ƙasa da guntun bol ɗin a cikinsa. Tsatsa ta riga ta haɗe su, sun zama abu ɗaya.

Mai walda ya ture shi da ƙafa gefe. Ya ce huɗun da suka rage za su kai su gida in ba gudu za a yi ba, amma gobe a nemi makanike ya sa sabon bol. Ya ƙara da cewa sauran tayoyin uku ma kowace da nata, gara a cire su a gari tun kafin su zaɓi inda za su tsayar da mutum. Auta ya ce to. Shi dai yau ta ishe shi.

Aka sa tayar ajiya, mai faci ya ƙara mata iska, mai walda ya mayar da kan batir ya ɗaure shi tamau, ya ce dama a kwance yake, shi ya sa ta ƙi tashi. Auta ya sallame su. Ya yi ta tsallaka titi yana kwaso kaya, mai ruwan sanyi ta taya shi da fanka da bokiti. Wannan karon but ɗin ya ƙi cin abin da ya ci da safe, sai da ya zuba rabi a kujerar baya. Rana ta karkata. Ya zo ya buɗe ƙofar direba ya ce Baba ya zagaya, za su tafi.

Baba ya ce ba inda za shi.

Auta ya lallashe shi. Ya ce hanya da nisa, idonsa ba ya gani sosai, in sun isa gari zai ba shi ya tuƙa. Tsohon ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Auta ya kama damtsensa a hankali. Sai Baba ya fizge, ya ɗaga murya, ya ce wane ne shi, motarsa ce, ɓarawo ne, dama ya san su, su ne suka kwance masa tayoyi. Mutane suka fara tsayawa. Wani mai babur ya rage gudu ya sa ƙafa a ƙasa. Auta ya ji hannunsa ya ƙara matse damtsen, siririn damtse kamar sanda a cikin riga. Ya saki. Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, ya zauna, ya rufe ƙofa, ya jingina kai ya rufe ido. Ba dabara ba ce. Gajiya ce kawai.

Sun daɗe a haka. Masu kallo suka gaji suka watse. A cikin zafin motar ne wani wari ya iso hancinsa. Ya buɗe ido ya dubi cinyar mahaifinsa, ya ga wandon ya yi duhu har gwiwa, kujerar ma ta jiƙe. Ruwan da ya yi ta ba shi tun tsakar rana ne, kuma bai tuna ya tambaye shi ko zai zagaya ba. Baba bai dube shi ba. Hannuwansa na kan sitiyari.

"Baba," in ji Auta, ƙasa ƙasa, "zafi ya yi yawa. Ni ma duk na jiƙe da gumi. Bari mu sauya kaya kafin mu kama hanya."

Tsohon ya dubi titi. Can ya ce, "Da mutane."

"Zan kore su."

Auta ya fita ya je wurin mai walda ya yi masa magana a kunne. Mutumin bai tambayi komai ba. Ya kashe injinsa, ya jawo ɗaya daga cikin ƙofofin ƙarfen da ya ƙera ya jingina ta a jikin motar ta ɓangaren titi, ya ajiye bokitin ruwa, ya ce shi zai je shan shayi, ya ja mai faci suka tsallaka. Auta ya kwance bargon agogo ya rataya daga ƙofar mota zuwa ƙusar bango. A wannan ɗan lungun ya fito da mahaifinsa. Ya tsayar da shi ya dafa rufin mota, ya cire masa takalma, ya zare wandon, ya wanke masa ƙafafu da ruwan bokiti da hannunsa. Bai taɓa ganin ƙafafun nan tsirara haka ba, duk sun zama ƙashi da jijiya. Baba yana kallon bango, yana ɗaga ƙafa in an ce ya ɗaga. Da aka sa masa busasshen wando ya ce wannan ba shi da guga. Auta ya ce in sun je gida za a goge.

Ya zagaya da shi ya zaunar a gefen fasinja ba tare da gardama ba. Ya ƙulle jiƙaƙƙen wandon a leda, ya goge kujerar direba iya yinsa, ya ninka tamfol ya shimfiɗa ya zauna a kai. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ya ɗaga wa mutanen tsallake hannu, mai walda ya ɗaga kofinsa.

Sauran hanyar a hankali ya yi ta, manyan motoci na yi masa hon suna wucewa. Kunnensa na kan tayar baya, duk ƙaramin ƙara sai gabansa ya faɗi. Sau biyu ya tsaya ya taka notocin da sifana. Baba ya yi barci, kansa na jingine da gilashi, bakinsa a buɗe. Yaya ta kira, ya bar wayar ta yi ta ruri a aljihu har ta gaji.

Rana na gab da faɗuwa suka shiga layinsu. Matarsa tana tsaye a ƙofa, da alama ta daɗe a wurin. Ta buɗe wa Baba mota da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa sannu da hanya. Tsohon ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙuwar da ta nuna tarbiyya, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Ta gaya masa. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tambaya ko likitan yana ciki. Ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Auta ya ce likita ya tashi, sai gobe, yau a nan za su kwana.

Ta kama hannun Baba ta shiga da shi ɗakin da 'ya'yansu mata suka kwashe kayansu daga ciki, har yanzu da alamar hotunansu a bango. Auta ya shigo da jakar tufafi da bokitin magani da kujerar, ya miƙa mata ledar ya ce a jiƙa, bai yi bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Ta ce ga abinci, ga ruwan wanka ta ɗora. Ya ce bari ya kwaso sauran kayan tukuna.

Ya fito ya tsaya a bayan motar da makulli a hannu. Sai ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, wai ya ɗan huta. Tafin hannunsa baƙi ƙirin, yankan da ya samu a ƙarƙashin kujera ya bushe da ƙasa a ciki. Daga cikin gida yana jin muryar Baba yana tambayar inda bayan gida yake, da muryar ƙaramar 'yarsa tana cewa Kaka, ta nan, ta nan. Sauran kayan a mota suka kwana.